Fedar Malam Isiyaku Tela

Makon jiya wasu samari uku 'yan jami'a suka tsaya a bakin shagona, nan bayan kasuwar Dutsin-Ma, suna kallona ina kwafe sabuntawar wasan kumbo daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Ɗayansu ya ce wa 'yan uwansa, ko murya bai rage ba, wai wannan ai ba sana'a ba ce, maɓalli ɗaya ne ka danna ka koma ka harɗe ƙafa. Ban tanka masa ba, domin in ina kwafe ba na raba hankali. Amma maganar ta tsaya mini a rai. To ga amsarsa nan, shi da duk mai irin tunaninsa.

Ga wanda bai sani ba, wasan kumbo wasan kwamfuta ne da ake yi ta intanet. Kowa da jirginsa a sararin samaniya, ka tashi daga wannan duniya ka sauka a waccan. Wani dako yake yi, wani haƙar ma'adinai, wani kuma ba shi da aikin yi sai tare hanya. Masu ƙera shi suna can ƙasar waje, sun fi shekara goma suna abu ɗaya, har yau ba su ce sun gama ba. Gida ne da aka tare a ciki magina ba su sauka ba, yau ka shiga ta wannan ƙofa, gobe ka tarar an toshe ta an buɗe wata ta baya. Duk bayan 'yan watanni sai su saki sabuntawa, abin da yara ke ce wa ofdet. Wata ta kawo sabon gari, wata ta gyara lif, na'urar hawa benen nan da ke haɗiye mutane, amma ta ɓata tsani. Kowane karo kuma sai su rubuto doguwar wasiƙa su ce an kusa. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Saura Ƙiris, sunan kuwa ya bi shi.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Sunana Lawal, shekara bakwai na yi a rumfar Malam Audu Mai Rediyo, Allah ya ji ƙansa. Shekarar farko ko dalma bai bar ni na taɓa ba. Aikina in jera sukurori a tire yadda na kwance su, na farko a hagu, na ƙarshe a dama, in na kuskure jeri ya watsar da su ƙasa ya ce in tsinto. Rediyon farko da ya ba ni in gyara da kaina na wani makiyayi ne, ya kawo shi ɗaure da igiya, murya tana zuwa tana ɗaukewa. Na yini ina auna sassa da mita ban ga komai ba. Da la'asar Malam Audu ya karɓa, ya murɗa abin ƙara murya sau biyu, wanda muke ce wa bolum, ya buɗe shi ya goge, ya miƙa wa mai shi rediyo yana magana raɗau. Sannan ya ce mini in riƙa tambayar mai kaya inda hannunsa ya fi taɓawa, galibi can ciwon yake. Da rediyo ya ja da baya na koma waya, daga waya na koma kwamfuta, da jami'a ta zo garinmu na kama shago na jera guda huɗu. Kayan aikina har yau ba su da yawa: mita, ƙarfen dalma, sukundireba iri uku, bulowa ta hure ƙura, sai faifan ajiya biyu da nake naɗewa a tsumma kamar ƙwai.

Ranar sabuntawa, wadda saurayin nan ya raina, ga yadda take. Abin yana da nauyi, sabis ɗinmu kuwa kun san halinsa, yana tafiya yana hutawa. In ka bar kwamfuta huɗu kowacce ta sauke nata, sai ka kwana uku ba ka gama ba, data ta ƙare, ɗalibai su koma wani wuri. Don haka guda ɗaya ce ke saukewa, sauran in kwafe musu da faifai. Kafin nan sai ka zauna ka karanta wasiƙar masu wasan tsaf, ka ga abin da suka taɓa, domin in sun taɓa tuƙi, saitin maɓallan mutane na iya rikicewa gaba ɗaya. Akwai wata ƙaramar folda da ke riƙe da saitin kowa, ita nake fara kwafewa in adana kafin in taɓa komai. Ga zafin bazara, da sai ka buɗe wa kwamfuta murfi ka sa mata fanka kamar mai zazzaɓi. Ga wuta, da ba ta tashi ɗaukewa sai an kusa kammalawa. Duk wannan wahala ce kawai, kowa zai iya koyo a wata shida. Ainihin aikin a Kurfi na gane shi.

Cikin ɗaliban da suka daɗe suna zama mini a shago akwai Nura, ɗan Kurfi, mai natsuwa, wanda ba ya komai a wasan sai dako. Da ya gama karatu ya sami aiki a Abuja. Wata rana ya kira ni ya ce mahaifinsa, Malam Isiyaku Tela, wanda ya shekara arba'in a kan keken ɗinki, ya sami shanyewar ɓarin jiki na dama. Hannun ya tafi, amma ƙafar da sauran rai a cikinta. Likita ya ce in ana motsa ta kullum tana iya dawowa, in kuwa aka bar ta za ta sandare, ya ƙare kwanakinsa a tabarma. Malam Isiyaku kuwa ya kafe. An kawo masa mai gashin ƙafa ya kore shi, ya ce shi ba zai riƙa ɗaga ƙafa ana ƙirga masa kamar ɗan firamare ba. Abu ɗaya ne aka ga ya ja hankalinsa. Da Nura ya zo hutu yana wasan kumbo a soro, tsohon ya yini yana kallo, har yana yi masa gyara, wai ya cika gaggawa wajen sauka. Tambayar Nura ita ce, ko zan iya shirya abin yadda mai hannu ɗaya zai tuƙa. Ya ce zai bar kwamfutarsa a gida, zai kuma sa musu sola.

Na hau babur na tafi Kurfi. Na tarar da dogon mutum kishingiɗe a soro, idonsa tar, bakinsa ya ɗan karkace amma kaifinsa bai ragu ba. Tun gaisuwar farko ya mai da ni Lawali. A gefe ga keken ɗinkinsa an lulluɓe da tsohon zane. 'Yarsa Bilkisu, ma'aikaciyar lafiya ce a nan Kurfi, tana tsaye a bakin ƙofa. Sandar tuƙi, wadda ake juya jirgi da ita a wasan, ba matsala, hannun hagu zai riƙe. Matsalar ita ce ba jirgi wuta da taka masa birki, wannan na hannu na biyu ne. Ina cikin tunani idona ya sauka a kan fedar keken, wannan faffaɗan ƙarfe da tela ke takawa gaba da baya. Na ɗago na kalli Bilkisu, na ga ita ma can take kallo.

Kwana tara aikin ya ci mini. Na cire bel ɗin keken, na ɗaura siririn ƙarfe daga feda zuwa bolum ɗin wani tsohon rediyo, na jona shi da allon lantarkin cikin wata sandar tuƙi da ta mutu, na ɓoye su a gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur. In ka danna da yatsu jirgi ya yi gaba, in ka danna da dunduniya ya ja birki. Bilkisu ta ce in dai ƙafar hagu ta hau fedar nan ita za ta yi aikin duka, ta dama ta yi kwanciyarta. Sai na samo maɓallin ƙararrawar ƙofa na kafa a katako, na ajiye can nesa ta hagu, na ba shi aikin sauke tayoyi da buɗe ƙofar kaya, don ƙafar hagun ta sami abin yi. Na'urar sabis kuma na sa ta a robar fenti na ɗaure a gora a saman soro. Da aka ɗora ƙafar damar a feda, iyakar abin da ta iya motsawa bai kai rabin inci ba. Na shiga saiti na gaya wa kwamfuta cewa wannan rabin incin shi ne cikakkiyar wuta.

Tashinsa na farko rufin garejin jirage ya daka. Na biyu ma haka. Na ce ko a huta, ya ce in rufe masa baki, kekensa ne, ya fi ni sanin halinsa. Kafin wata ya cika yana ɗaukar kaya daga tasha zuwa tasha, in ya zo sauka ya lallaɓa jirgi a hankali kamar mai bin bakin aljihu da allura. Bayan sallar asuba da kalaci sai ya ce a ɗora shi a kujera, ba ya sauka sai azahar.

Zuwana na uku, na kai masa sabuntawa ta farko, Bilkisu ta tare ni a waje wajen babur. Ta ce ƙafar Baba ta saba da rabin inci, ta tsaya a nan, ba ta ƙara komai. Ko zan iya sa fedar ta ɗan yi nisa, yadda sai ya ƙara dannawa kafin jirgi ya amsa? Na ce wannan lamba ɗaya ce zan canza. Ta ce amma in ya sani ba zai yarda ba, zai ce an dawo da mai gashi ta taga. Na dubi faifan da ke hannuna. Na shiga, na kwafe sabuntawa, na matsar da lambar kaɗan, na ce masa masu wasan sun taɓa tuƙi a wannan karon. Ya gwada, ya ji jirgin ya yi nauyi, ya wanke su tas, su da iyayen gidansu. Bayan mako biyu ƙafar ta cim ma sabuwar lambar.

Haka muka shekara biyu. Duk sanda aka saki sabuntawa, babba ko ƙarama, in naɗe faifai in hau hanyar Kurfi, in kwafe, in matsar da lamba, a zagi mutanen ƙasar waje. Wani lokaci da gaske sun taɓa tuƙin, wani lokaci ko kusa da shi ba su je ba. Malam Isiyaku ya zama mai bin labarin wasan fiye da ɗalibaina. Sai na fassara masa wasiƙar kakaf kafin ya bar ni in sha ruwa. Da suka sa gajimare a wata duniya ya yaba. Da suka ce yanzu sai mutum ya loda kayansa da kansa, ya ce daidai ne, dako ba lodi ai yawo ne. Da suka ɗage wani sabon yanki da suka yi alkawari, karo na uku, ya ce telan da ya shekara goma a kan riga ɗaya, ko dai awon ya ɓace masa ko ya ci yadin. Amma ya ƙara da cewa tunda ba su yar da allura ba, a bar su su ƙarasa. A ƙarshen shekara ta biyu fedar tana tafiya inci biyu da kwata. Mutumin da ake ɗauka a ɗora a kujera ya koma yana dafa bango ya kai kansa, wata rana har ƙofar gida ya leƙa.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda aka rufe layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Wanda bai zauna a nan ba a lokacin ba zai gane ba. Ka ɗaga waya ba ko ɗigon sabis, ba kira ba saƙo, balle intanet. Shagona ya koma wurin buga takardu da gyaran tocila. Babur ma an taƙaita zirga-zirgarsa, zuwa Kurfi sai an yi dabara. Wasan kumbo kuwa ba ya buɗewa sai da intanet. Na nemo wani wasan jirgi da ba ya buƙatar sabis na kai wa Malam Isiyaku, ya gwada na ɗan lokaci ya ture sandar. Ya ce wannan ba wanda ke jiran kaya a cikinsa, kuma ba jirginsa ba ne. Bilkisu ta roƙe shi ya riƙa taka fedar ko allo a kashe, ya ce shi bai taɓa ɗinki ba zare ba. Ya koma tabarma. Ni abin da na iya kawai shi ne na kwafe foldar saitinsa a faifai biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, ina ganin na yi abin kirki.

Da aka buɗe layi bayan watanni, sabuntawa uku ce ta taru. Kwana biyar na yi ina saukewa. Wasan ya ƙi buɗewa sai da aka goge tsofaffin saituna, kamar yadda masu shi suka ba da shawara. Ni ko a jikina, tunda na adana na Malam Isiyaku. Na isa Kurfi ina ji da kaina, na kwafe komai, na mayar masa da foldarsa daidai yadda take ranar da sabis ya ɗauke, ko wasali ban canza ba. A nan na yi kuskuren da ya fi kowane girma a aikina, kuma tsabar kula ce ta ja mini shi.

Aka kama shi aka ɗora a kujera, yana ta zumuɗi, har ya sa an wanke masa hula. Ya danna feda. Jirgin ya yi gurnani ya ɗaga kaɗan ya tsaya. Ya ƙara dannawa, jijiyar wuyansa ta tashi, jirgin ya ja jiki ya karkace ya goga bango. Ya nemi birki, dunduniyar ta kasa kaiwa. Sau uku yana tarwatsewa a bakin ƙofar gareji, inda a da yake fita ido rufe. Ina tsaye a bayansa na gane abin da na yi: lambar inci biyu da kwata na mayar wa ƙafar da ta yi watanni a kwance. Gyaran bai fi minti ɗaya ba. Amma in na sa hannu na sassauta a gabansa, ya gane cewa nauyin fedar a hannuna yake tun farko. Na bar lambar yadda take.

Ya saki sandar, ya ce a sauke shi. Da ya kwanta ya juya fuska bango ya ce, "Sun mai da shi na masu lafiya. Lawali, kwashe kayanka."

Bayan mako guda na koma da wata ƙaryar. Na ce sun saki ƙaramin gyara, sun sassauta tuƙin. Ko juyowa bai yi ba. Ya ce yau su sassauta gobe su ɗaure, shi ya gaji da mutanen da ba su san da zamansa ba, kuma ba ya iya zuwa ya same su. Nan na ga ramin da na haƙa. Shekara biyu ina koya masa cewa abin yana hannun wasu can nesa, ga shi ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. A waje Bilkisu ta ce mini ƙafar ta fara ƙin miƙewa da safe, in aka ƙara wata ɗaya a haka ba ta jin za ta dawo. Na ce zan gaya masa gaskiya. Ta ce zai kore ni, ita kuma ya daina cin abincinta. Na ce ya kore ni ɗin, ai yanzu ma korarre nake. Tsoro dai na ji shi, ba zan ɓoye ba, don na san bakin mutumin.

Na koma ciki na durƙusa kusa da tabarma. Na ce, "Baba, ba su ba ne. Ni ne."

Na kwashe komai na gaya masa, tun daga ranar da muka tsaya wajen babur har lambar da na mayar makon jiya. Bai katse ni ba. Da na gama ya juyo ya dube ni sama da ƙasa.

"Wato shekara biyu ina tsine ma bayin Allah da ba su ji ba su gani ba, ashe mai laihin na nan yana cin tuwon gidana. Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi na ba shi wuri. Kwana uku ina shago ina gyaran abin da bai lalace ba. Rana ta huɗu Bilkisu ta kira ta ce Baba ya ce in zo da kayan aikina.

Na tarar an riga an ɗora shi a kujera, tef ɗin awo rataye a wuyansa, alli a hannun hagu. Ban gama sallama ba ya fara. Ashe ba ƙaryar ce ta fi ƙona masa rai ba.

"Mutum ya yi wata da watanni yana jinya, ya rame, ka ɗauko tsohon awonshi ka yanka mashi riga? Wa ya koya maka aiki?"

Na ce Malam Audu Mai Rediyo. Ya ce Allah ya ji ƙansa, ba laifinsa ba ne, wani kan ba ya ɗaukar karatu. Ya miƙo mini tef ya ce in durƙusa in auna. Ya danna iyakar ƙarfinsa, na auna, inci ɗaya ba kaɗan. Ya ce in ja alli a jikin ƙarfen keken. Sannan ya tambaye ni ina ta tsaya ranar farko. Na ja layi a ƙasa da rabin inci. Ina ta kai kafin a rufe layi? Na ja a biyu da kwata. Ya sunkuya yana kallon layukan nan uku, ya daɗe, har na fara jin ƙafata ta yi tsami.

"To ashe ƙafar tawa ce ta yi wagga tahiya," in ji shi, a hankali. "Ni ina can ina ganin wayona ne ya kai ni."

Ya share fuska da hannun riga, ya ce in sa lambar daidai layin tsakiya, kada in rage ko zare. Ranar ya fita daga gareji a gwaji na biyu, ya kai kaya tasha mafi kusa, ya sauka da ɗan karo amma jirgi bai fashe ba.

Daga nan doka ta canza. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Bilkisu ta auna, shi ya faɗi lamba, ni kuma in na zo in sa a gabansa yana kallo. Na koya wa Bilkisu inda ake canzawa don kada a jira ni. Abin da ya ba ni mamaki, matakin da yake ɗauka ya fi wanda nake yi masa a ɓoye girma. Inda zan ƙara kaɗan don tausayi, shi sai ya ninka, ya sha wahala kwana goma yana faɗa da kowa a gidan, sannan ya cim mata. Wani mako ƙafar ta ja baya, ya sa a rage ba tare da jin kunya ba, ya ce awo ba ya ƙarya. Masu wasan kuma ya nemi gafararsu a gabana, ya ce amma zagin da ya yi musu kan lif da alkawarin sabon yanki yana nan bai janye ba. Ni ma tun daga ranar na canza hannu. Ko ɗalibi ne ya yi dogon hutu ya dawo, ba na mayar masa da tsohon saiti sai na zaunar da shi ya gwada na ga hannunsa.

A daminar bana aka saki wata babbar sabuntawa, wadda ta kawo yankin nan da aka daɗe ana ɗagewa. Na gama da kwamfutocin shago ranar Laraba. Alhamis da hantsi na naɗe faifai a tsumma, na sa a leda saboda hadari, na fito da babur. Ina shirin tayarwa sai ga motar Kurfi ta tsaya a ɗaya gefen titi. Wani dogon mutum da sanda ya sauko, ƙafa ɗaya sannan ɗaya. Kwandasta ya miƙa hannu zai kama shi, ya ture hannun da gwiwar hannu. Bilkisu ta sauko bayansa, ta tsaya nesa kaɗan, hannayenta a cikin hijabi.

Titin nan ba shi da wani faɗi, amma ban taɓa ganin tsawonsa ba sai ranar. Ya jefa sanda, ya taka ta hagu, ya jawo ta dama, ya kafa ta, ya ɗora mata nauyi. 'Yan acaɓa suna ta hon, wani mai keke napep ya tsaya ya tare masa hanya. Ƙafafuna suna so su ruga, na hana su, don na san abin da zan ji in na taɓa shi. Ya tsallake kwata, ya hau dakalin shago, ya zauna a benci yana haki, gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya dube ni.

"Lawali, mai da babur ɗinka. Na ji an saki sabo, na zo in amsa da kaina. Wanga karon mi suka ɓata?"

Na mayar da babur, na kawo masa ruwa a kofi, na jawo kujera kusa da shi na fara karanta masa wasiƙar daga farko.